Kalmar impulse mijin mace huɗu ce, a daina ɗaura mata aure da kalmar Hausa guda

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya kuma haƙuri da mu masu dogon surutu. Ni malamin Turanci ne a wata sakandare a nan Kano, bana shekarata 19 ina shaƙar ƙurar alli, kuma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, dan haka in na zarce a yi min uzuri, abin ne ya daɗe yana ci na.

Ranar wata Laraba ina cikin adaidaita sahu zan koma gida, direban ya ƙure rediyo ana labaran duniya, sai aka kawo labarin wani matashi a ƙasar waje da ya fasa gilashin shago ya suri kaya, aka sako muryar lauyansa da Turanci yana cewa he acted on impulse, kawai sai naji mai fassara yace wai lauyan yace yaron da gangan ya aikata. Wallahi ban san lokacin da nace kai! da ƙarfi ba, har matar da ke gefena ta ja jakarta ta rungume, ta ɗauka ko wani abu ne ya same ni. Ranka ya daɗe, lauyan da ka biya kuɗi ya kare ka ya miƙe gaban alƙali yace da gangan kayi, ai wannan ba lauyanka ba ne, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ne ya yi shigar lauya. Abin da mutumin ke nufi kishiyar haka ne gaba ɗaya, cewa yake zuciya ce ta ɗebi yaron, bai tsaya yayi tunani ba, bai kwana da niyyar ba. Ba zan faɗi sunan gidan rediyon ba tunda ba tonon silili na zo yi ba, kuma na san yadda aikin yake, an miƙo maka takarda saura minti biyar a shiga labarai, wa ya ga ta kansa. Amma kuskuren ya tuna min da wani abu da ya faru a gidana.

Yarinyata ta biyu tana SS2. Wani dare an ɗauke wuta muna zaune a tsakar gida, ta fito da littattafan rubutunta guda uku ta baje su a kan tabarma ta haska da fitilar wayar mamanta tace Abba dan Allah wanne ne gaskiya a cikin waɗannan. Na duba. A littafin fiziks malaminsu ya rubuta musu impulse shi ne force a ninka da time. A na bayoloji an rubuta impulse saƙo ne da ke bi ta jijiya. A na Turanci kuma, wanda abokin aikina ne ya ba su, an rubuta a sudden desire to do something, wato jin son yin abu farat ɗaya. Tace ita dai ta haddace duka ukun amma tana jin tsoro ranar WAEC kar ta rubuta na bayoloji a fiziks. Na tambaye ta to da Hausa me za ki ce masa, tayi shiru can tace ai ba shi da Hausa.

Wannan maganar ta ba shi da Hausa ita ce ta fi ɓata min rai, ba da ita nake ba, da yadda muke koyarwa nake. Mun saba wa yara da cewa kowace kalmar Turanci tana da mata ɗaya tak a Hausa, dog kare, water ruwa, shikenan, to ranar da aka haɗu da kalmar da ta ƙi zama da mace ɗaya sai ace Hausa ce ta gaza. Alhali impulse yana da Hausa har ta yi masa yawa, sai dai kowane ɗaki ya shiga da sunan da ake kiransa.

Abin da na faɗa mata a daren nan shi ne ta ajiye haddar tukuna ta riƙe abu ɗaya, tura. Ko kice ingiza, ko tunkuɗa, ko hankaɗa. Kalmar daga Latin ta fito, suna da wata kalma pellere wadda ke nufin a tura ko a kora ko a buga, idan abu ya riga ya sha turin sai suce pulsus, sai aka liƙa mata in a gaba, to impulse asalinsa turin da aka yi wa abu ya motsa kenan. Da zarar ka riƙe wannan sai kaga gidan gaba ɗaya ya buɗe, dan dangi ne da yawa kuma duk kamarsu ɗaya. Expel, tura waje, shi ne korar da ake wa ɗalibi daga makaranta, wannan kam duk ɗan sakandare ya san shi ko bai san komai ba. Repel, tura baya, shi ya sa man shafawa na korar sauro ake rubuta repellent a jikinsa, kuma shi ne abin da maganaɗisu biyu ke yi wa juna in ka haɗa su ta fuska iri ɗaya. Compel, tilastawa, a tura ka ta ko'ina har sai kayi, daga nan compulsory ya fito, irin yadda Turanci da lissafi suke dole a WAEC. Dispel, a tarwatsa, kamar yadda ake kore jita-jita. Repulsive, abin da ke tunkuɗe ka saboda ƙyama. Propel, tura gaba. A nan na tsaya nace mata ke kin san kina faɗin jikar wannan kalmar kullum da Hausa? Tace a ina. Nace farfela. Farfelar jirgi da ta fanka da ta mota, ai propeller ce bakinmu ya gyara mata zama, abin da ke tura iska ko ruwa dan a tafi gaba. Sai da tayi dariya har mamanta ta leƙo daga ɗaki tana tambayar me aka samu.

Har ita kanta push ɗin da kowa ya sani ƴar gidan ce, ta biyo ta Faransanci ne ta shigo Turanci, ƴan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci sun san pousser, kuma su impulsion suke cewa. Sai pulse, bugun jini da nas ke dannawa a wuyan hannunka tana kallon agogo, wanda a babban mutum mai lafiya in yana zaune yake bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, shi ma turin da zuciya ke wa jini ne kake ji. Amma a kula, akwai wani pulses da za ka gani a littafin aikin gona ko na abinci da ake nufin dangin wake, wannan ba ɗan gidan ba ne, kama ce kawai da wane ba ta wane, asalinsa wata kalmar Latin ce daban mai nufin wani abinci kamar fate.

Yanzu mu shiga ɗakin fiziks tunda shi ya fi ba yara tsoro. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar ƴan lemo ta Na'ibawa da sassafe ya ga yadda ake sauke kankana daga mota. Ɗaya yana sama yana wurgowa, ɗaya a ƙasa yana cafewa ya miƙa wa na bayansa, kuma ka tsaya ka lura da hannun mai cafewar, ba ya sandarar da hannu kamar katako, da kankanar ta taɓa tafinsa sai ya bi ta, ya sauke hannun ƙasa har ya ɗan rusuna, sannan ya tsayar da ita. Ka tambaye shi dalili zai ce maka in ba haka ba fashewa za tayi ko hannunka ya sha wuya. To wallahi wannan bawan Allah ya gama fahimtar impulse na fiziks ko da bai taɓa shiga aji ba. Abin da littafi ke cewa shi ne, dan ka tsayar da abu mai gudu ko ka motsa wanda ke tsaye, akwai adadin turin da dole ka biya, kuma turin nan ƙarfi ne a ninka da tsawon lokacin da ƙarfin ya ɗauka yana aiki. Bashi ne, ko ka biya shi lokaci guda ya karya ka, ko ka biya da kaɗan kaɗan.

Ga lissafin da nayi mata a bayan littafin. Ƙwallon ƙafa ta manya nauyinta tsakanin giram 410 zuwa 450 ne. Mu ɗauki kilo 0.45, an bugo ta tana gudun mita 20 a daƙiƙa ɗaya, in ka ninka ka samu 9, wannan shi ne momentum ɗinta, kuma shi ne impulse ɗin da gola zai biya kafin ta tsaya, ba ragi ba ciniki. In ya tare ta da sandararren hannu ta tsaya cikin daƙiƙa 0.01, ƙarfin da zai sauka a hannunsa 9 a raba da 0.01, niyuton 900 kenan, niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi, nauyin buhun siminti biyu saura kaɗan. In kuwa ya bi ta ya jawo ta ƙirji ta ɗauki daƙiƙa 0.1, ƙarfin ya dawo niyuton 90, nauyin kilo 9 kacal. Ƙwallo ɗaya, gudu ɗaya, bambancin kawai lokaci. Wannan ne sirrin soson da ke cikin hular kwano, da jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari in anyi karo, da dalilin da yasa in ka diro daga katanga kake lanƙwasa gwiwa, da dalilin da yasa ƙwai in ya faɗa kan katifa ba ya fashewa amma a siminti sai dai a kawo tsumma. Duk wannan daga dokar motsi ta biyu ta Isaac Newton yake, wadda ya fitar a 1687. Ni ba malamin fiziks ba ne, kar abokan aikina su ce na shigar musu gona, amma ina ganin da za a fara darasin da kankanar Na'ibawa kafin a rubuta F da t, wato force da time, a allo da an rage masu faɗuwa.

Ɗakin bayoloji kuma, nerve impulse, shi ma turi ne, sai dai na lantarki, ɗan ƙaramin bugu da ke gudu a cikin jijiyar saƙo daga fata zuwa laka da ƙwaƙwalwa ko daga can ya dawo ga tsoka. Nan ma Hausa na da ƴar matsala dan jijiya ɗaya muke cewa ga ta jini da ta saƙo har da agara wani lokacin, shi ya sa nake cewa jijiyar saƙo dan a bambance. Wani likita ɗan Italiya Luigi Galvani shi ya wallafa a 1791 cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa in lantarki ya taɓa jijiyarta, mutane suka daɗe suna ɗaukan saƙon jijiya ya fi ƙarfin a auna saurinsa, sai a 1850 wani Bajamushe Hermann von Helmholtz ya auna, shi ma a kwaɗo, kwaɗi dai sun sha wahala a hannun masana, ya samu wajen mita 30 a daƙiƙa. A jikin mutum jijiyoyi mafi sauri suna kai mita 120 a daƙiƙa, wato sama da kilomita 400 a awa, amma akwai wasu sirara masu ɗauko raɗaɗi da ba su fi mita 1 ko 2 ba. Shi ya sa in kayi tuntuɓe da dutse da daddare, da farko ji kake kawai ka bugi abu, har ka samu damar cewa wayyo zan ji a jikina, sannan can sai zugin ya iso. Saƙo biyu ne suka taso tare daga ɗan yatsa, ɗaya ya hau jirgi ɗaya ya taho a ƙasa. Wannan a Hausa saƙon jijiya ya wadatar, ba sai an wahalar da kai ba.

Sai ɗaki na uku wanda shi ne nawa, kuma shi ne wanda aka yi wa ɓarin makauniya a rediyo. Bari in ba da labarin kaina dan kar ace ina nuna wasu da yatsa. Bara ana saura kwana biyu a koma makaranta, uwargida ta lissafa min takalman makaranta na yara biyu da safa da jaka ɗaya, na ɗauki kuɗin na nufi Sabon Gari. Ban kai layin ƴan takalma ba na wuce wani shago an jera fankoki masu caji ana kunna su, lokacin zafin nan ne da ko kare ba ya son fita, iskar ta bugi fuskata, yaron shagon yace Alhaji taɓa kaji, har fitila gare ta da wurin cajin waya. Ni da ban taɓa zuwa ko Jidda ba aka kira ni Alhaji. Daga nan ban san me ya faru ba, na dai tsinci kaina a bakin titi rungume da kwali ina neman adaidaita, kuɗin takalmi saura na safa. Da na shiga gida ta kalli kwalin ta kalle ni tace Malam wannan a wace ƙafar za su sa? Ban ce komai ba dan ba ni da ta cewa. To wannan shi Bature ke kira impulse buying, kuma ba a banza ba manyan kantuna suke jera alewa da cingam da cakulan daidai wurin biyan kuɗi, sun san kana tsaye a layi ido zai gani zuciya ta raya. Mu kuma sai muce ido ne ya ja ni, ko kwaɗayin ido, ko sayen da ba a shirya ba, ko kawai gani nayi na saya.

Ka lura Malam Edita, duk inda na fassara shi ban kawo suna guda ba, magana na kawo. Nan ne bambancin yake. Bature yana son ya dunƙule abu ya mai da shi suna ya ajiye, an impulse, kamar wani dutse da za ka ɗauka. Bahaushe kuma labari yake bayarwa, kuma kusan kullum zuciya ce mai laifin. Zuciya ta ɗebe shi, zuciya ta kwashe ni, zuciyata ta raya min, ban san lokacin da na kai masa mari ba, kawai ji nayi na miƙe, bakina ne ya suɓuce. Duk waɗannan on impulse ne. Wanda kuma halinsa kenan, wanda Bature zai ce impulsive, muna da shi kala kala, mai garaje, mai azarɓaɓi, mai gaggawa, mai rawar kai, mai saurin hannu, mai saurin fushi, mai zumuɗi, mai ɗoki, kuma kowanne da inda ya dace, dan ɗokin amarya daban garajen ɗan acaɓa daban. Turanci ne ma ya tara su a kwando ɗaya. To wa ya gaza a nan?

Kuma ba kullum impulse yake zama abin zargi ba, ɗalibai suna yawan ɗaukan haka. Za ka ga a generous impulse, irin kana tafiya kaga tsohuwa ta kasa ɗaukan kaya kawai ka tsinci kanka ka ɗora a kai, ko ka zaro kuɗin motarka ka miƙa wa wani ka taka a ƙasa. Shi ma zuciyar ce ta tura, sai dai wannan karon ta tura inda ya kamata.

Inda ɗalibaina suka fi faɗawa rami shi ne tsakanin impulsive da compulsive, dan sautinsu ya yi kama kuma uwarsu ɗaya. Impulsive turi ɗaya ne farat, bai yi tunani ba ya aikata, wani lokacin ma yana jin daɗi a lokacin, nadamar sai daga baya. Compulsive kuwa tunanin ne ma yayi masa yawa, abu ne ke matsa masa ya maimaita ya sake maimaitawa ba dan yana so ba sai dan in bai yi ba hankalinsa ba zai kwanta ba. Misalin da nake basu wanda ba sa mantawa shi ne mai waswasi. Kowa ya san mutumin nan a masallacin unguwa da zai wanke hannu ya sake ya sake, buta ta ƙare ya ƙaro, an tada iƙama har an yi ruku'u yana nan yana shakkar ko ruwa ya taɓa gwiwar hannu, ko wanda zai kulle shago ya tafi ya dawo sau huɗu yana jijjiga kwaɗon. Wannan compulsive ne, kuma in yayi tsanani likitocin ƙwaƙwalwa suna da suna gare shi, OCD, C ɗin tsakiyar nan compulsive ce, ciwo ne da ake magani, ba abin dariya ba ne duk da muna yi. Wanda kuma ya fasa sallar ya bi yaron da ya ɗauke masa takalmi da gudu, to shi ne impulsive.

Sauran maƙwabtan ba sai na daɗe a kansu ba. Instinct abin da aka haife ka da shi ne ba wanda ya koya maka, jariri da kama nono, ɗan tsako da tsattsaga, ɗan agwagwa da ruwa. Reflex jiki ne ke yi ba da shawararka ba, ka taɓa murfin tukunya mai zafi hannu ya janye kafin ma kaji zafin, dan saƙon a laka ya juyo bai jira ƙwaƙwalwa ba. Urge matsuwa ce mai naci, irin ta mai jin fitsari a cikin doguwar tafiya ko ƙawar mai shan sigari. Whim ganin dama ne marar nauyi, yau yace a yi wa ɗakin shuɗin fenti gobe yace kore. Spontaneous yawanci yabo ne, abin da ya fito da kansa ba a shirya ba ba a sa ka ba, kamar tafin da jama'a ke ɓarkewa da shi. Sai impetus da impetuous, su kam sun yi kama da impulse har a ma'ana amma ba gidansu ɗaya ba, tushensu wata kalmar Latin ce petere, maƙwabta ne da suka daɗe tare har ake zaton ƴan uwa ne.

Akwai kuma impulse control, wato iya riƙe zuciya, wanda masana halayyar ɗan adam suka cika littattafai a kansa. Labarin da suka fi kawowa na wani shugaban leburorin titin jirgin ƙasa ne a jihar Vermont ta Amurka, Phineas Gage, wanda a 1848 nakiyar fasa dutse ta tashi da wani rodi mai tsawon sama da mita ɗaya ya shiga ta kumatunsa na hagu ya fita ta saman kai, kuma ikon Allah bai mutu ba sai a 1860, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma marar haƙuri mai zage-zage, yau ya ƙulla wannan gobe ya watsar. Daga baya masu bincike sun ce an ƙara wa labarin gishiri, tunda mutumin har tuƙin keken doki yayi a ƙasar Chile na shekaru, aikin da mai garaje ba zai iya ba, amma dai ta nan aka fara gane cewa gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ne birkin mutum. Kuma wannan ɓangaren ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, wanda duk malamin da ya taɓa riƙe ajin SS1 bayan an dawo daga tara zai ce maka ai ba sai an auna ba.

Sai gwajin alewa na wani masanin halayyar ɗan adam Walter Mischel a jami'ar Stanford ta Amurka wajajen 1970, a ajiye wa yaro alewa ɗaya ace in ka jira kamar minti 15 ba ka ci ba za a ƙara maka ɗaya, aka yi ta yayata cewa masu jiran su ne suke yin nasara a rayuwa. A 2018 wasu suka sake duba lamarin a kan yara sama da 900, sai suka ga in aka yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito, yawancin bambancin sai ya zube. Ni wannan na biyun ya fi kwanta min, dan yaron da ya saba in bai ci yanzu ba wani zai cinye, ko an saba yi masa alƙawari ba a cikawa, in ya cafke alewar nan ba garaje yayi ba, lissafi yayi.

Mu kuma tun muna allo aka karantar da mu wannan babin, sai dai ba da sunan impulse ba. A suratu Yusuf aya ta 53 an ambaci rai mai yawan umarni da mummuna, a suratul Anbiya aya ta 37 aka ce an halicci mutum daga gaggawa, ga hadisin da ke cewa mai ƙarfi ba shi ne gwanin kayarwa a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, ga kuma wanda yace in ɗayanku yayi fushi yana tsaye to ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. In ka duba da kyau wannan na ƙarshen dabarar mai cafe kankana ce, a ja lokaci dan ƙarfin bugun ya ragu. Na faɗa wa malamin fiziks ɗinmu haka a ɗakin malamai yace in bar masa darasinsa in ji da nawa.

Abin da yasa kuskuren rediyon nan ba ƙarami ba ne, a shari'a tsakanin da gangan da zuciya ta ɗebe shi akwai ran mutum. A dokar Penal Code ta Arewa da ta fara aiki a 1960, sashe na 221 shi ne kisan da hukuncinsa kisa ne, sashe na 222 kuma ya cire wanda aka yi wa tsokana mai tsanani ta ba-zata har ya kasa mallakar kansa, wannan hukuncinsa bai kai kisa ba. Kalmar da dokar tayi amfani da ita provocation ce ba impulse ba, amma ka ga inda aka dosa, ana bambanta wanda ya kwana yana wasa wuƙa, abin da Bature ke kira premeditated, da wanda abin ya zo masa nan take. Yanzu ka ɗauka tafinta a kotu ne yayi irin wannan fassarar ga mutumin da ba ya jin Turanci.

Ga masu shirin WAEC da NECO da JAMB kuma, tunda na san suna karanta jaridar nan a waya, on impulse ake cewa ba by impulse ba, kuma an impulse to laugh ba an impulse of laughing ba. Ba a cewa he is impulse, sai dai he is impulsive, na sha jan jan biro a kan wannan har na gaji. Wurin furtawa, a impulse farkon kalmar ake dannawa, a impulsive kuma tsakiya. In aka ce a kawo kishiyar impulsive a nemi cautious ko deliberate, in aka ce mafi kusa a nemi rash ko hasty ko impetuous, in kuma kaga compulsive a cikin zaɓin to tarko ne aka ɗana maka, ka tuna da mai buta.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku ware mana ɗan fili ko da rabin shafi ne duk sati, a riƙa ɗauko kalmar Turanci ɗaya irin wannan mai mata da yawa a bi ta ɗaki ɗaki, a kawo tushenta da danginta da yadda Bahaushe ke faɗinta a kasuwa da asibiti da kotu, masu karatu na Sakkwato da Katsina da Zariya da Damagaram su turo yadda ake cewa a wajensu dan na tabbata akwai kalmomin garaje da ni Bakano ban taɓa ji ba. In kun amince ni zan fara turo na farko kyauta, ina da stress da pressure da tension a ajiye, su ma ukun fiziks da asibiti da zaman gida duk suna rabon su.

Yarinyar dai ta haɗa ma'anonin nan uku a shafi ɗaya ta rubuta TURI da manyan baƙaƙe a sama ta ja layi biyu. Fankar kuma tana nan, batirin ya mutu tun kafin damina ta tsaya, yanzu uwargida shanya ɗankwali take a kanta.

Wassalam, naku,
Wani malamin Turanci daga Kano